Bakin Igiya a Shekarar Sanƙarau

Ni ban san alif ba, amma abin da idona ya gani ba mai karanta mini shi daga takarda. Ina faɗa ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya. Na san abin da kuka taso kuna ji a gidan nan: wai a shekarar sanƙarau uwarku ta zama mai yawon fadama kamar wadda iska ta taɓa, wai ƙafata ce ta jawo mana dubagari, wai ni na ba da baffanku Kyari. Kun ji a bakin gwaggwanninku, kun ji a bakin rijiya. A bakina ne ba ku taɓa ji ba, don ba ku tambaya ba, ni kuwa ban saba kare kaina a gaban 'ya'yan da na haifa ba. To yau ku zauna.

Zamanin Turawa ne, muna ƙauyenmu na bakin fadama, tsakanin Auyo da Haɗeja. Mu biyar ne a gidan: babanku, da Iya mahaifiyarsa, da ƙanensa Kyari wanda bai yi aure ba tukuna, da ni, da yayarku, 'yar farina, tana shekara bakwai. Ku duk ba a haife ku ba. Biyun da na haifa a bayanta ba su zauna ba, saboda haka ita kaɗai gare ni, kuma ita ɗin ma ba a hannuna take ba. Ku na yanzu kuna rungumar 'ya'yanku na fari a gaban kowa, har da sumba. Mu a lokacinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da shi in akwai idon mutane. Tun da aka yaye ta aka kai ta ɗakin Iya. Can take ci, can take kwana. In zan aike ta sai in ce, "Ke, yarinyar nan." Ita kuma Yaya take ce mini.

Ciwon ya shigo da bazara, ruwa ya janye, kwale-kwale duk a kife a kan tudu, zafi kamar a bakin murhu. Muka fara jin labari daga wajen Guri, sannan Kirikasamma, sannan sai ga mai shelar Bulama, mai garinmu, yana bi lungu-lungu da gangarsa. An ɗaga kasuwa. Ba zuwa wani gari, ba biki, ba zaman makoki. Kowa ya kwana a tsakar gida, kada a cunkushe a ɗaki. Duk wanda wuyansa ya ƙage a faɗa wa Bulama, za a kai shi bukkokin da aka kafa a bayan ganuwar Haɗeja. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ciwon kansa tsorata mutane. An ce a can Bature yana soka allura a gadon bayan mutum ya zuƙe masa ruwan jiki. An ce wanda ya mutu ba wanka ba salla, rami ɗaya ake zubawa. Sai kowa ya shiga ɓoye nasa. Maƙwabciyarmu ɗanta ya cika da hantsi, ta cusa bakin zane a baki don kada a ji kukanta, amma zana ce tsakaninmu, ina ji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarar dagi a maƙabarta. Gari shiru, ba daka, ba kiɗa, ba kukan yara, sai dagi yana cin busasshiyar ƙasa, ƙwas, ƙwas. In ya tsaya sai in tsaya da numfashi, in ya sake farawa in ce wa kuma.

Zama ya gagare ni. In na zauna sai in ji wuyana yana nauyi, in yi ta juya kai kamar ƙadangare. Har tukunyar miya sai da na fasa. Ran nan na durƙusa gaban babanku na ce, tun da ba kasuwa, kuma ba a hana fadama ba, ya bar ni in je haƙar gaiwa. Ya dube ni, ya dubi fasasshiyar tukunyar, ya ce in je.

Ku da kuka tashi a birni ba ku san gaiwa ba sai a kwano. Kifi ne da in ruwa ya janye ba ya bin ruwan, sai ya nutse cikin laka ya naɗe jikinsa ya kwanta har damina, ya bar ɗan huji kamar na cinnaka yana shan iska. Ubana masunci ne, shi ya koya mini. Kana tafe a hankali a kan tsattsagaggiyar ƙasa, idonka a ƙasa, kana buga sanda. Inda take kwance ƙasar ba ta amsawa kamar sauran wuri. Sai ka sa dagi. Wannan aiki ba ya barin zuciya ta tafi wani wuri, shi ya sa ya yi mini magani. Da na idar da sallar asuba sai in ɗauki sanda da dagi da ƙwarya, in fita ta bayan gida, in wuce kukar da ke bakin gonar Bulama, in gangara. Muddin ƙafata na motsi, tsoron yana bayana, bai cim mini ba. Kowane taku da salatinsa. Ran da na sami gaiwa biyu na gode Allah, ran da ban samu ba ma haka, don gaskiyar magana ba kifin nake bi ba. Kullum sai in ƙara nisa kaɗan. Na san inda goriba ta fi zaƙi, na san inda ake tona rairayin kogi kamu ɗaya a sami ruwa mai sanyi, na san inda tsohuwar hanyar shanu ta yanke ta bar hanyar da 'yan doka ke tsare.

In na dawo da azahar, Kyari ne ke tarbata. Kun san wasan ƙanen miji, shi kuwa nasa ya yi yawa, ko a wannan hali bai bari ba.

"Ga matata ta dawo daga wajen mazanta na ƙarƙashin ƙasa! Falmata, yau nawa suka amsa sallama?"

"Biyu. Kuma duk sun fi ka ƙiba."

"Ai dole, su kike ziyarta kullum. Ni kin bar ni da tuwon Iya."

"Ka yi aure mana, ragon maza, ka huta da ƙorafi."

Iya tana jinmu sai ta yi tsaki ta ce gari na mutuwa muna haƙora a waje. Amma shi take kallo, kuma fuskarta ba ta tsaki ba ce. Auta ne.

Wata rana ina bin wata busasshiyar ƙorama ban ɗaga kai ba, da na ɗaga sai ga ganuwar Haɗeja a gabana, ga bukkokin zana a jere a ƙarƙashin itatuwa, an ɗaura igiya daga wannan itace zuwa wancan ta kewaye su. Na tsuguna bayan wata kaba ina jiran in ji ihu. Ban ji ba. Mata na gani a bakin igiyar suna ajiye ƙoren abinci suna ja da baya, wasu masu fararen riguna suna ɗauka. Ina nan tsugune sai aka ɗaga igiyar, wani mutum ya fito da ƙafarsa, ya rame kamar kara, yana dafe da sanda. Wata mata ta zube ƙasa tana kuka tana dariya. Na murza idona. Washegari na koma, jibi ma na koma. Na ga an fito da wasu a naɗe cikin tabarma, ba zan ɓoye muku ba, kuma sun fi yawa. Amma na ga masu fitowa a tsaye. A rana ta huɗu wani malamin asibiti, Bahaushe ne ɗan'uwanmu mai furfura a gemu, ya yafuto ni.

"Baiwar Allah, kullum kina bayan kabar nan kamar mai dakon zomo. Wa kike da shi a ciki?"

"Ba kowa, Malam."

"To Allah ya sa ya tsaya a ba kowa. Amma in ya zo gidanku, kada ki bari ya kwana biyu. Wanda aka kawo ran farko, sau da yawa ƙwayar maganin da muke bayarwa tana kama shi. Ku kuwa sai ku ɓoye mutum har ya sandare, ku kawo mana gawa mai numfashi, sannan ku ce mu muka kashe."

Ya nuna mini yadda ake ganewa. Ya sunkuyar da kansa har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Ya ce duk mai zazzaɓin da ya kasa yin haka, a ɗauko shi.

Da yamma muna cin tuwo na kasa riƙe bakina, na ce na ga masu fitowa da rai. Iya ta ajiye loma.

"Har can kika je? Da ƙafar da kike shigo mini gida?"

"Daga nesa na tsaya, Iya."

"Wanda ya fito ɗin, kin taɓa shi kin ji mutum ne?"

Babanku ya ce a bar maganar. Aka bar ta.

Bayan kwana uku Kyari bai tarbe ni ba. Na tarar da ƙofar ɗakin Iya a rufe da rana tsaka, an toshe 'yar tagar da tsumma, hayaƙin turaren magani yana fita ta jinka. Babanku na zaune a ƙofar da allo yana rubutun sha, bai ɗago ya dube ni ba. Daga ciki nake jin nishi, irin wanda ban taɓa ji daga bakin Kyari ba. Iya ta fito ta tsaya a kaina ta ce zazzaɓin shawara ne, kuma duk wanda ya kai wa Bulama wata magana, ita da shi har gaban Allah. Na ce to. Sannan na dubi ƙofar, don na san wa ke kwana a bayanta.

A nan ne laifina yake, in kuna neman laifina, ba inda gwaggwanninku suka ajiye shi ba. Na buɗe baki na ce, "Iya, da yarinyar nan ta dawo tsakar gida da kwana."

"Wace yarinya?"

Na nuna ƙofar ɗakin da haɓa.

"Au, yau kuma ke ce mai 'ya? Falmata, da bakinki? In ta kwana a waje maƙwabta su ce me ya fitar da ita daga ɗakina? Ita ke miƙa mini ruwa. Je ki, mara kunya."

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta ɗaure ni. Na koma madafa ina jin kunya, ku ji fa, kunya, 'yata tana shaƙar numfashin mai sanƙarau a ɗaki a toshe. Kwana uku na bari. Ba na iya kiranta in ce sunkuya in gani, don idon Iya na kaina. Sai na yi dabara. Kullum in na dawo daga fadama sai in zo da goriba ɗaya, in ta gifta in sake ta a gaban ƙafarta kamar ta suɓuce mini. Sai ta sunkuyar da kai ta duba, ta ɗauka, ta gudu. Wannan sunkuyon shi ne abincina na yini. A kwanakin nan tafiyata ta zama gudu-gudu. Ba na ganin hujin gaiwa ko na taka shi. In fita don kada in yi ihu a gidan, in kai rabin hanya kuma sai in ji kamar ana kirana, in juyo da sauri har ƙaya ta cika mini ƙafa ban sani ba.

Rana ta huɗu na dawo da wuri. Tana zaune a gindin rumbu, idonta ja, ta kare fuska daga rana. Na saki goribar ta gangara ta tsaya a yatsunta. Ba ta sunkuya ba. Kanta a miƙe, idonta a kan zana, ta sauke hannu tana lalube a ƙasa kamar makauniya har ta taɓa ta.

Ban san lokacin da na ajiye ƙwarya ba. Rana ta take, babanku ya tafi taya haƙar kabari, Iya na ciki wajen Kyari. Na kwance mayafina na sunkuya na ce, "Hau." Ta dube ni, don tun da aka yaye ta bayana bai taɓa ta ba. Na ce, "Hau, na ce." Jikinta kamar garwashi. Na ɗaure ta, na fita ta bayan gida, ko takalmi ban tsaya ɗauka ba.

Hanyar da na yi ta bi ina tsammani tsoro nake gudu, ashe koyonta nake yi. Ban bi ta kukar Bulama ba don akwai masu hutawa a inuwarta, na zaga ta gonakin shinkafa da aka girbe. Ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Yarinya mai shekara bakwai ba jaririya ba ce, ƙafafunta na dukan cinyata, kanta kuwa ba ya kwanciya a bayana, yana can a sandare baya, kowane taku sai ta yi ƙara. In na yi sauri ta yi ƙara, in na rage sauri in tuna maganar malamin. A rairayin kogi na tona ruwa na jiƙa bakin zane na matsa mata a baki, ta amayar. Daga nan ta daina ƙara, wannan kuwa ya fi ƙaran muni. Na riƙa tsayawa ina riƙe numfashina don in ji nata a bayana. Sau ɗaya ta yi magana.

"Yaya, Iya za ta yi faɗa."

"Ta yi."

A haka na isa bakin igiya. Malamin nan mai furfura ya gane ni, ya zo da kansa ya kwance ta daga bayana, ya sa hannu a ƙeyarta ya gwada, ya kira a kawo tabarma.

"Yaushe ya fara?"

"Yau."

"Madalla da ke. Wa ta ɗauka a wajensa? Akwai wani a kwance a gidan?"

To ku saurara nan, don nan ne ake ƙara gishiri. Ba wanda ya tsorata ni, ba ɗan doka a wurin, ba Bature. Da na ce babu, da ya yarda. Na tuna rantsuwar Iya, na tuna nishin da ke fitowa daga ɗakin nan, na tuna mutumin da na gani ya fito da sandarsa. Na ce akwai, ƙanen mijina, yau kwanansa huɗu. Malamin ya girgiza kai, ya tambayi sunan garin da na gidan. Na faɗa. Ni na faɗa, da bakina.

Washegari da hantsi dubagari ya zo da 'yan doka biyu. Suka ɗage ƙofar Iya, suka fito da Kyari a kan gadon kara, ya lanƙwashe baya kamar baka, bai san wanda ke kansa ba. Iya ta riƙe ƙafar gadon suna ja tana bi da gwiwa har ƙofar gida. Suka yaye jinkar ɗakin don rana ta shiga, suka ƙone tabarmi da tsummoki a tsakar gida, maƙwabta na leƙe ta zana. Da suka tafi babanku ya same ni a madafa.

"Da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ka, Malam, me za ka ce?"

Ya juya ya fita.

Daga ranar ƙwarya biyu nake ɗauka zuwa bakin igiya, kunu da ɗan romon gaiwa. A ajiye, a ja baya, a jira. In ƙwarya ta dawo da alamar an taɓa, ka sami na komawa gida. Kwana biyu ta Kyari na dawowa yadda ta tafi. A na uku malamin bai karɓe ta ba ma, ya ce in yi haƙuri, tun asuba aka binne shi. Na juyo da ƙwarya cike. Ban taɓa yin tafiya mai tsawon ta ran nan ba, kuma ban so ta ƙare ba. Iya na zaune a ɗakinta marar rufi, ta ga ƙwaryar, ba ta tambaye ni komai ba. Ta juya fuska bango. Ba zaman makoki, ba mai shigowa gaisuwa. Ta daina cin abin da na dafa, sai babanku ya karɓo mata daga gidan ƙanwarta.

Ni kuwa ban fasa fita ba, don saura ƙwarya ɗaya. Kullum ina tafe ina shirya yadda zan tsaya in malamin ya ƙi karɓa. Ran da aka sha rabi, na zauna a ƙasa. Ran da ta dawo a suɗe, har da alamar yatsa a gefe, na rungume ƙwaryar mata na kallona. Na bar ƙirga kwanaki. Hadari dai ya fara haɗuwa a gabas ran da na iso na hango ta a tsaye a ƙofar bukka, ta ba ni baya, an aske mata kai, wuyan nan siriri kamar na ɗan tsako, tana sunkuye tana wasa da ƙasa da yatsan ƙafa. A sunkuye. Ban san sa'ad da ya fito daga bakina ba, a gaban mata, a gaban maza:

"Hauwa! Hauwa'u!"

Wata tsohuwa a gefena ta ce, "Kin ce 'yar fari ce fa." Na ce na sani, na ƙara ɗaga murya. Yarinya ba ta juyo ba. Taku goma ne tsakaninmu. Malamin ya zo ya tsaya kusa da ni ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ran ya tsaya, amma kunnen ya tafi, ciwon yakan yi haka, kuma ba ya dawowa. Ya je ya dafa kafaɗarta ya juyo da ita. Ta gan ni ta yi murmushi ta ce, "Yaya," da wata murya mai ƙarfi da ba tata ba. Haka kuka taso kuka ga yayarku, kuna yi mata magana da hannu, kuna tsammani haka aka haife ta.

Muka taho a hankali, in ta gaji in goya ta, in ta huta ta sauka. Da muka shiga gida Iya ta miƙe, karo na farko da na ga ta miƙe da sauri tun ran da aka fita da Kyari. Ni ba ta dube ni ba. Ta durƙusa gaban yarinyar ta kama kafaɗunta biyu, ta shafa kan, ta shafa wuyan, sannan ta yi tambayar da ashe ita take ta ajiya duk kwanakin nan.

"Uwata, ke kina can. Kin ga Baffa? Sun yi masa wanka? Sun yi masa salla? Ina suka sa shi?"

Yarinyar ta zuba wa bakin Iya ido. Iya ta sake tambaya da ƙarfi. Ta sake, har tana girgiza ta. Yarinyar ta waiwayo ta dube ni tana neman in gaya mata abin da ake so. Babanku ne ya gane, ya ce, "Iya, ba ta ji." Iya ta sake ta a hankali, ta zauna daɓas a ƙasa. Aka fara yayyafi. Can, idonta a kan ƙasa, ta ce:

"Falmata. Gobe ki kai ni."

Na kai ta. Tsohuwar da ta shekara goma ba ta wuce bakin rijiya ba ta bi ni cikin fadama, ina gaba tana baya, laka ta fara kama ƙafa. Inda hanya ta yi santsi na miƙa mata hannu, ta ƙi, na miƙa mata sandar gaiwa, ta karɓa. Malamin ya fito ya nuna mata kabarin daga bakin igiya, na huɗu daga gindin wata tsamiya, shi kaɗai a raminsa, ya rantse mata da hannunsa ya yi masa wanka. Ta tsaya ta yi addu'arta, muka juyo. Shekara tara ta ƙara a duniya, gida ɗaya, na haifi uku daga cikinku a gabanta, ni na yi jinyarta, ni na rufe mata ido. Ba ta sake ce mini uffan ba.